Kwanon da Kaka Yake Auna Zuciya da Shi

Bari in fara da laifina, domin in ban faɗa ba kakata Dada za ta faɗa, ita kuwa in ta ɗauki labari sai ta zuba masa gishirin da ya fi na miyarta.

Ranar sadakar ukun Kaka, mahaifin mahaifiyata, aka ce in kai wa masu zaman makoki ruwa. Aikin da ɗan shekara biyar zai yi ba tare da an ji labarinsa ba. Ni mai shekara goma sha shida, ɗan aji uku a sakandare, sai na cika kwanon sha fal har baki, na tallafo shi da hannu biyu, na taho ina ƙirga taku a zuciyata. Ban yi niyya ba, ƙafafuna ne suka yanke shawara. A taku na bakwai na yi tuntuɓe. Ruwan ya tashi, ya tsallake mutum uku da ba su yi masa komai ba, ya sauka a kan takalmin Manajan gidan katakon da Kaka ya yi wa aiki, baƙin takalmi mai ƙyallin da in ƙuda ya sauka a kai sai ya zame ya karye.

Kafin in buɗe baki, ma'aikatan gidan katako su tara da ke jere a tabarmar jikin bango suka haɗa baki kamar 'yan firamare:

"Zauna!"

Sai dariya ta ƙwace musu. A gidan mutuwa, a gaban Liman. Wani ya toshe baki da hula, wani ya kifa kai a cinya. Baban Tagwaye, wanda ya fi su duka jiki, ya yi dariya har kafaɗunsa suna tsalle, can kuma muka ji muryar ta canza. Kuka yake yi. Ƙaton mutumin da ke ɗaga gungumen maɗaci shi kaɗai yana kuka kamar an yaye shi jiya. Ba wanda ya hana shi.

Kalmar nan ta Kaka ce. Zan zo kanta. Amma sai na fara faɗin abin da na ji a kwana ukun nan, domin shi ya sa na yage bayan littafin labarin ƙasa na zauna rubutu.

Liman ya ce, "Mutum ne mai gaskiya, sai dai gaskiyarsa ba ta da murfi." Wannan na yarda.

Kawu, babban ɗan Kaka, ya ce wa baƙin da suka zo daga Vimtim, "Allah ya jiƙan Baba. Da ya iya sunkuyar da kai kaɗan, da a bakin aikinsa zai mutu da darajarsa. A kan mutumin da ba danginmu ba, ba ma addininmu ɗaya ba." Ya rage murya a ƙarshen, amma kunnena na jin motsin tururuwa a Kamaru.

Manaja kuwa, bayan ya goge takalminsa da hankici, cewa ya yi, "Tsoho ne mai ƙoƙari. Zamani ne kawai ya wuce shi." Mutane suka gyaɗa kai, suka shafa fatiha, suka sha kunun gyaɗarmu.

To ni ban gyaɗa ba. An kori Kaka daga aikin da ya tsufa a cikinsa saboda ya hana a tsayar da mutum ɗaya a gaban zarto rana ɗaya. In za a binne shi da sunan mai taurin kai, sai a binne shi da dalilin taurin kan a gefensa.

Gidan katakon na wani Alhaji ne, a hanyar fita garin Mubi. Injin zarto biyu ne, babba da ƙarami, bel ɗaya dogo ke juya su duka. In an tayar da babban, kaji a Betso sukan daina ƙwai. Kaka shi ne heluma, wato shugaban ma'aikata. Gajere ne, baƙi, da gemu kamar na bunsuru mai tunani, kuma hannunsa na hagu yatsu uku ne. In ka tambaye shi sauran biyun, amsar ta dangana da ranar. Ranar Litinin kada ne ya cinye su a kogi. Ranar Laraba kura ce a kan dutse, kuma ita ma ta bar haƙori biyu, an yi kunnen doki. Ni ya taɓa ce mini Dada ce ta cije shi ranar da ya je neman aurenta.

"Ƙarya kake yi, tsohon banza," in ji Dada daga madafa. "Da na cije ka da ban bar uku ba."

Ga yadda yake buɗe aiki. A bakin rumfar inji akwai duro cike da ruwa. Daga duron zuwa gindin wani mangwaro taku goma sha biyu ne. Kowace safiya, kafin a taɓa inji, kowane ma'aikaci zai cika kwanon sha har baki, ya ɗauka da hannu biyu, ya kai gindin mangwaron ya zuba. Kaka na tsaye a gefe, hannu a baya. Wanda ya kai lafiya, sai ya ce, "Wuce." Wanda ya zubar a hanya, sai ya ce, "Zauna."

Zauna ba kora ba ce, ba kuma a tura ka gida. Ranar dai ba kai ba zarto. Za ka jera katako, ko ka kwashe dusa, amma kafin nan sai ka zauna a gindin mangwaro ka ɓare gyaɗa daga buhun da Kaka ke ajiyewa. In inji ya kama gudu sai ya zo ya zauna kusa da kai, ya ɗebi tasa gyaɗar. Ba ya tambayar komai. Yakan ce, "Ni ba alƙali ba ne. Gyaɗa ce ke tambaya." Kuma wallahi tana tambaya. Kafin a cika mudu guda, mutum ya fara: matata ta tafi gidansu, ɗana ya gudu Maiduguri, shanu sun shiga gonata, kwana uku ban yi barci ba. Kaka ya ji, ya ce "Hmm," ya ci gaba da ɓarewa. Wani lokaci ya ba da shawara, wani lokaci ya hau kekensa da yamma ya je bikon matar da kansa. Sau da yawa "Hmm" ɗin ne kawai, kuma gobe mutumin ya kai ruwansa ko ɗigo bai zuba ba.

Mangwaron nan ya sha ruwa ya sha sirri har 'ya'yansa suka kai girman kan jariri. Kowa ya sha ɗaya sai ya ji yana son ya faɗi laifinsa.

Maganganunsa ba su da yawa, maimaita su yake yi har su huda kunne. "Zarto ba ya cin katako kaɗai, katako ne dai ake ba shi." "Hannu ɗan aike ne, in zuciya ba ta gida sai ya ɓata hanya." Da kuma wadda na fi riƙewa: "Jinin da bai zuba ba, ba a yi masa godiya."

Da na fara zuwa aikin jera katako a dogon hutu, na ɗauka ni jika ne, doka ba ta kaina.

"Kai, ɓarawon matata," in ji shi, "ɗauki kwano."

"Tsoho, ni ko zarton ba na taɓawa."

"Kana wucewa kusa da shi. Shi ba ya tambayar takardar shaida."

Kwana goma ina wucewa. Ran na sha ɗaya na zubar tun a taku na biyu, har da jiƙa wando. Mudu ɗaya bai cika ba na fito da zancen katin jarrabawar da na ɓoye a cikin rufin ɗaki tun ranar da aka ba da hutu, mai jan biro a lissafi kamar an yanka kaza a kai. Kaka bai iya karatun boko ba, amma ya san ja. Da na ɗauko masa katin, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Wannan malamin naku yana son ka, dubi yadda ya yi maka ado." Shi ya raka ni gaban mahaifina. Duk da haka na sha bulala, amma uku maimakon goma sha biyu.

Abin da ya sa ba wanda ya taɓa cewa ana wulaƙanta shi da kwanon nan, Kaka ne ke fara ɗauka kullum. Kuma sau ɗaya ya faɗi. Akuyar Dada ce ta cinye masa hular Jumma'a, ya ce sai ya yanka ta, Dada ta ce ya fara yanka ta ita tukuna, aka kwana biyu tuwo na zuwa ba man shanu. Da safe Kaka ya ɗauki kwano, taku biyar ruwa ya fantsama. Ya dubi ƙasa, ya dubi mutanensa, ya ce da ƙarfi, "Zauna!" Ya je gindin mangwaro ya zauna, ya jawo buhu.

Ba wanda ya san abin yi. Can Baban Tagwaye ya ajiye abin da ke hannunsa. Shi mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, mai Hausar da ba ta raba mace da namiji, shi ke riƙe da babban zarto tun da idon Kaka ya fara raguwa. Ya je ya zauna kusa da shi, ya ɗebi gyaɗa. Suka ɓare, suka ɓare. Sai Kaka ya yi ajiyar zuciya.

"Matar nan ta ce akuyarta ta fi ni hankali."

"Hmm," in ji Baban Tagwaye.

"Hmm kawai za ka ce?"

"Baba, kai ne ka koya mana. Amma mata na ma ya taɓa faɗa mini haka. Namu ma tunkiya ne."

An ce dariyar da Kaka ya yi ranar ta kakkaɓo mangwaro huɗu.

Wata rana na ce masa, "Tsoho, in mutum yana da hannu mai ƙarfi ai zai cuce ka." Ya ce, "Ruwan na mutane ne, don kada a ce na yi son kai. Ni fuska nake kallo."

Sai Manaja ya dawo. Ɗan Alhaji ne, ya yi kwas a Kaduna, ya zo da jaka da takalmin nan da kuma dami guda na fom. Ba zan ce shaiɗan ba ne. Shi ma ya ce yana son sanin halin da ma'aikata ke ciki, an koya musu cewa mai damuwa shi ke jawo haɗari. Kaka ya ji haka ya ce, "Har Kaduna aka je aka ji wannan? Da an tambaye ni da an huta da mota." Bambancin shi ne Manaja ya ce kwano camfi ne da ɓata lokaci, awo na gaskiya a takarda ake yin sa. Tambaya goma ce da Turanci, kowace da akwati uku: sosai, da dama, a'a. Sunan mutum a sama. Kowace Litinin.

Da yake yawancinsu ba sa karanta Turanci, ni aka ba biro da tebur a ƙofar ofis, ƙofar kuma a buɗe, Manaja na ciki yana jin komai.

"Hankalinka a kwance yake a wurin aiki?"

"A kwance, har yana minshari."

"Kana iya faɗa wa shugabanka damuwarka ba tare da tsoro ba?"

Mutum ya leƙa ofis, ya dawo da kai. "Ni? Tsoro? Ai Manaja uba ne."

Kaka ya ce masa, "Ɗana, a ƙasar nan ko kan mutum na cin wuta, in ka ce ina kwana zai ce lafiya lau. Haka uwarsa ta koya masa. Kai kuma ka sa sunansa a sama ka zauna kana ji. Takardarka gaisuwa take aunawa."

"Baba, wannan ilimi ne."

"To ilimin ya zo ya ɗauki kwano mu gani."

Manaja ya hana kwano. Kaka bai yi musu ba, sai ya ce wa mutanensa su riƙa zuwa da wuri kafin farar motar Manaja ta iso. Haka aka yi ta tafiya, kwano da sassafe, takarda da hantsi, har aka sami kwangilar bencinan sababbin makarantun firamare, aka ce babbar mota za ta zo daga Yola ranar Alhamis ta kwashe.

A nan ne na yi abin da ya fi zubar da ruwa a takalmi. Mako uku ina tambaya, mako uku amsa ɗaya. Na ce to wahalar me nake sha? Ranar Asabar na ɗauki fom ɗin Litinin duka na cike su, sosai, sosai, sosai, tun daga sama har ƙasa, na sa a fayil, don in sami safiyar Litinin in je kallon 'yan ƙwallo suna atisaye. Har ina yaba wa kaina da wayo.

Ranar Lahadi ƙyanda ta kashe ɗaya daga cikin tagwayen, 'yan mata ne masu shekara huɗu. Aka binne ta da yamma bayan an tashi daga coci. Ɗayar tana kwance, jiki kamar garwashi. Ba wanda ya sani a gidan katako, domin Baban Tagwaye bai aiko ba. Litinin da safe sai ga shi ya zo, maɓallin riga a karkace, ya gaida kowa. Ya san mota na zuwa Alhamis, ya san ba mai riƙe babban zarto sai shi.

Na biya ta wurin ne don in ajiye fayil in gudu, shi ya sa na gani da idona. Baban Tagwaye ya cika kwano, ya ɗauka. Ko ɗigo bai zuba ba. Ya yi taku goma sha biyu, ya kai mangwaro, ya wuce. Ya wuce tarin gungume. Ya nufi ƙofar fita da kwano a hannu, idonsa a buɗe, kamar mai kai wa wani ruwa a wani gari. Daidai nan farar mota ta shigo, saura kaɗan ta buge shi, bai ko kauce ba.

Kaka ya bi shi da sauri, ya karɓi kwanon a hankali kamar mai karɓar jariri.

"Ina za ka kai?"

Ya dubi Kaka kamar yanzu ya farka. "Yarinya na yana jin ƙishi, Baba." Ya ƙara da cewa, "Ɗaya ya mutu jiya."

Kaka ya riƙe masa hannu. "Zauna," ya ce, a hankali yadda ban taɓa ji ba.

Manaja ya fito daga mota, aka gaya masa. Ya yi ta'aziyya, kuma na ga abin ya taɓa shi. Amma sai ya dubi tarin katakon da ba a yanka ba, ya dubi agogo.

"Baba, a bar shi ya yi rabin rana, da azahar ya tafi. Ni da kaina zan kai shi a mota."

"Ba zai taɓa zarto ba."

"Ko a kwanon naka ai bai zubar ba. Na gani."

"Ka ga ruwa. Ba ka ga mutum ba."

Manaja ya fizgi fayil daga hannuna, ya zaro takarda, ya ɗaga. "Ga ripot ɗinsa na yau. Tambaya goma, sosai goma."

Ina so in ce na yi tsalle na ƙwace takardar na cinye ta. Haka na faɗa wa abokaina a makaranta. Gaskiya ita ce muryata ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Ni na cike ta. Tun ranar Asabar."

Kaka ya juyo ya dube ni. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Manaja ya ciji leɓe, ya zaro sabon fom, ya danƙa mini da biro. "To tambaye shi yanzu, a gaban kowa."

Na tambaya. "Hankalinka a kwance yake?"

Baban Tagwaye ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya dubi ɗan maigidansa. "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Zan iya aiki."

"Ka ji," in ji Manaja. "Rubuta."

Ban rubuta ba. Wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi a labarin nan, don haka a bar ni in faɗe shi sau biyu: ban rubuta ba. Na ajiye biro a kan gungume.

Sai Kaka ya ɗaga hannunsa na hagu, ya buɗe yatsun nan uku a gaban fuskar Manaja.

"Ba kada ba ne. Ba kura ba ce. Ranar da na binne ɗana na fari, washegari na zo aiki. Ubanka ya tambaye ni, na ce lafiya lau. Shi ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa asibiti, je ka tambaye shi kalar rigarsa ranar. Ni na yi sa'a, yatsu aka karɓa. Wannan babban zarton ba ya karɓar canji."

Ba wanda ya taɓa jin wannan, har waɗanda suka shekara goma tare da shi. Na ɗauka an gama. Amma mutane tara na kallonsa, shi kuma yaro ne da aka ba kujera, yana tsoron a ga ya lanƙwasa.

"A tayar da inji," ya ce. "Oda ce."

Kaka ya juya masa baya. Ya shiga rumfa, ya ɗauki sipana, ya sassauta ƙarfen da ke ɗaure bel, ya zare bel ɗin, ya naɗe shi kamar gammo, ya saɓa a kafaɗa. Da ya zo wucewa ya ce wa ma'aikata, "Yau inji ne zai zauna." Ya ce wa Baban Tagwaye, "Tashi ka je wurin mai ran." Ni kuma ya ce, "Kai, ɓarawo, turo mini keke." Muka ratsa tsakiyar kasuwa, shi a gaba da bel, ni a baya da keke, mutane na tambaya ko mesa ya kashe.

Da la'asar Alhaji ya zo gida da kansa. Tare suka yi ƙuruciya da Kaka, don haka ba a yi maganar 'yan sanda ba. Aka shimfiɗa tabarma, Dada ta kawo kunu ta tsaya a bakin ƙofa ba ta koma ba.

"Ka kunyata yaron a gaban leburori," in ji Alhaji. "Ka mayar da bel, ka ba shi haƙuri, a wuce wurin."

"Bel zan mayar ranar Alhamis."

"Alhamis mota ke zuwa!"

"Ta zo ta huta. Ita ma ta sha hanya."

"Haƙurin fa?"

"Alhaji, ka tuna rigarka?"

Alhaji ya ajiye kofinsa. "Na tuna. Amma na riga na ba shi wurin. In na tsaya maka, na karya shi har abada."

"To kada ka karya ɗanka. Ni na karyu tun tuni, na kuma warke."

Alhaji ya ce a kawo bel ɗin ko da haka. Dada ta ce, "Yana cikin rumbuna, ƙarƙashin dawa. Namijin da ya isa ya shiga rumbun mace ya ɗauko." Matar da ta ce akuya ta fi shi hankali ke nan. Alhaji ya sa takalmi ya tafi. Washegari aka aiko cewa Kaka ya huta.

Da muka rage mu biyu na ce, "Tsoho, ni na jawo."

"Kai ka cika takarda da ƙarya, su ma da bakinsu ƙaryar za su faɗa. Ka dai rage musu wahala." Ya ja kunnena har sai da na ga taurari da rana. "Amma ka ajiye biro. Je ka ci tuwo."

Yanzu in ka shiga kasuwar Mubi za ka ji labarin kala-kala. Wasu sun ce Kaka ya kama zarto yana gudu da yatsu uku ya tsayar da shi. Wasu sun ce ya kalli inji ne kawai injin ya mutu. Akwai mai cewa ya ɗauki injin gaba ɗaya a ka ya kai Gude. Wannan na ƙarshen ni na ƙirƙira, kuma ya fi sauran tafiya.

Kawu da Manaja kuma nasu labarin ɗaya ne: ai ba abin da ya faru. Wa ya san ko da an bar mutumin ya yi aiki da lafiya zai tashi? Gaskiya ne, ba wanda ya sani. Ni ma ban sani ba. Kaka ma bai sani ba, abin da ya ƙi ke nan, ya ƙi a gwada a gani da hannun mutum. Wanda ke son shaida sai ya kawo nasa hannun. Cewa ba abin da ya faru, ai shi ne aikin da Kaka ya yi shekara da shekaru, kullum da safe, kuma shi ne aikin da ba ya shiga fayil. Allah ya jiƙanka, Tsoho, ya sa inda ka je an ce maka wuce. Masu cewa zamani ya wuce ka, ban ga inda zamanin ya kai ba tukuna.

Ga yadda abin ya ƙare, ba ƙari. Ranar Alhamis da safe na mayar da bel a bayan keke. Kwana ukun da inji ya yi shiru, Baban Tagwaye ya yi su a asibiti, yarinyar ta tashi, har yau kuma da sunan nan muke kiransa domin ba wanda ya iya canzawa. Bencina sun makara da kwana tara. Ba a mayar da Kaka aiki ba, ba wanda ya zo ya ba shi haƙuri, shi ma bai je ba. Ya noma dawarsa a Gude damina ɗaya, bayan girbi ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana biyar, ya rasu ranar Talata da hantsi. Ana cike fom a gidan katako har yanzu, wani yaro ne ke riƙe da biro. Itacen da aka jera a kabarin Kaka, Baban Tagwaye ne ya saro shi da gatarinsa, ya ɗauko a ka tun daga bayan gari, ya ajiye a bakin maƙabarta, ya tsaya daga waje har aka gama.